Kafin a Danna Kwaɗo: Tsare Gidan Matafiyi Daga Kyankyasai

 Yau shirinmu na faɗakarwa kan lafiya da tsaftar muhalli zai yada zango a ƙasar Roni da yankunan da ke kusa da ita, wato Kazaure da Gwiwa da Babura, domin duba wata matsala da ba a kai ƙararta wurin mai unguwa, amma tana cin dukiya tana kuma taɓa lafiyar iyali. Matsalar ita ce kyankyasai a gidan da aka kulle aka yi doguwar tafiya.

Da zarar kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, an rore wake, an sheƙe gyaɗa, sai hankalin matasa da magidanta ya koma kan hanya. Daga Roni da Amaryawa da ƙauyukan da ke kewaye, za a ga mutane da 'yan jakunkunansu sun nufi Kazaure, daga nan su hau titin da ya taso daga Daura zuwa Kano. Wasu a Kano za su tsaya, wasu su zarce Kaduna ko Abuja, wasu sai Legas ko Fatakwal. Wanda ya fita a watan Disamba, sau da yawa ba ya waiwayo gida sai ya ji labarin hadari ya fara haɗuwa, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Idan mai ƙaramin iyali ne, yakan kai matar da yara gidan iyaye, ya ja ƙofa ya danna kwaɗo.

Ba 'yan cin rani kaɗai ke barin gida a rufe ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, akwai ma'aikatan da aiki ya kai Dutse amma suna da ɗaki ko sashe a gidan gado. Akwai 'yan kasuwar da suka gina gida a garinsu alhali zamansu na Kano ne, ba sa kwana a cikinsa sai da sallah ko biki. Akwai alhazan da kan yi wata guda ko kwana 40 a ƙasa mai tsarki, da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure waɗanda ke kulle ɗakunan haya idan an ba da dogon hutu, da kuma matar da ta tafi wankan gida ta bar jerenta a ɗaki. Dukansu matsalarsu ɗaya ce.

A dubi abin da magidancin da ya kulle gida ke tararwa ranar da ya dawo. Ya buɗe ƙofa, wani wari mai maiƙo ya fara tarbarsa, irin warin da ke kama tufafi da kwanuka ya ƙi fita. Ya ɗaga katifa, abubuwa jajaye suka watse kowanne ya nufi lungu. A cikin kabad, tsakanin jeren kwanukan uwargida, ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo birjik, kashinsu ke nan. A kusurwar akwati ga wasu 'yan ƙunsuna masu launin ƙasa-ƙasa a manne, kowanne kamar ƙwayar wake, wasu a fashe wasu a rufe. Babbar rigar sallah da aka sa wa sitaci ta yi huji a wuya da hannu. Takardar cinikin gona da ke ƙarƙashin tufafi an gaigaye mata gefe, littafin da ke cikin gafaka kuma an cinye gam ɗin da ya riƙe bayansa har ganyayyakin sun warware. Ba ɓarawo ne ya shigo ba, kwaɗon yana nan yadda aka bar shi.

Kyankyasan da suka fi damun gidaje a wannan yanki iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu rabin aiki ne. Na farko shi ne babban nan ja mai fiffike, wanda tsawonsa kan kai santimita 4, wanda kan tashi sama da dare idan zafi ya yi zafi. Mazauninsa na asali ramin masai ne da sokawe da kwata, daga can yake hawowa cikin gida. Macensa tana ajiye ƙwai a cikin ƙunshi mai tauri, kowane ƙunshi da ƙwai kimanin 16, ta manna shi a lungu ta tafi, bayan mako shida zuwa takwas ya ƙyanƙyashe. Na biyu shi ne ƙaramin nan mai zane biyu baƙaƙe a bayan kai, wanda bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Shi ɗan kicin ne, kuma yawanci shigo da shi ake yi a cikin kwali ko buhu ko tsohuwar kujera ko rediyon da aka sayo na hannu. Macensa tana yawo da ƙunshin ƙwanta a jiki har sai ya kusa fashewa, ƙunshi ɗaya kuma yana ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. A yanayi mai ɗumi, 'ya'yan kan girma su fara nasu ƙwan cikin wata biyu zuwa uku. Wanda ya bar mace biyu ko uku a bayan kabad a watan Disamba, lokacin da zai dawo jikokinsu ne za su tarbe shi.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ranar tafiya sai a sayo maganin feshi a fesa ko'ina, a ga manya sun faɗi suna shure-shure, a share, a kulle ƙofa da kwanciyar hankali. Amma ɓawon ƙunshin ƙwai ba ya barin feshi ya ratsa shi. Bayan makonni, ƙarfin maganin ya gushe, ƙwai ya fashe, 'ya'yan su fito su tarar da gida babu mai tsintsiya, babu mai takalmi, babu mai kunna fitila.

Wani zai ce to me ye a ciki, ai ƙwaro ne kawai. Abin da ya sa ya zama abin damuwa shi ne hanyar da yake bi. Kyankyason da ya kwana a ramin masai shi ne zai bi ta kan faranti da ludayi da marfin tulu, yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da zazzaɓin taifot da ƙwan tsutsar ciki a ƙafafunsa da cikin kashinsa. Bayan haka, busasshen kashinsa da saɓar da yake yi suna zama ƙura, ƙurar kuma tana tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. A 1997, likitoci a Amurka sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan yara 476 masu asma a unguwannin talakawa na manyan birane. Sun gano cewa yaran da jikinsu ba ya jituwa da ƙurar kyankyaso, kuma suke kwana a ɗakin da take da yawa, ana kwantar da su a asibiti fiye da sauran har ninki uku. Ɗakin da ya yi wata shida a rufe da kyankyasai a ciki, ƙurar nan ce ke jiran jaririn da za a shigo da shi. Kuma a ƙasa mai duwatsu irin ta Roni, inda kyankyaso ya yi yawa kunama ma takan biyo, domin abincinta ne.

Abubuwa uku ke riƙe kyankyaso a gida: ruwa, da abinci, da ƙofar shiga. Matafiyin da ya toshe waɗannan uku kafin ya fita ya gama mafi yawan aikin.

Ruwa shi ne kan gaba. Ƙaramin kyankyaso na iya yin kusan wata guda babu abinci matuƙar yana samun abin sha, amma idan babu ruwa da ƙyar yake wuce mako biyu. Babban ya fi shi juriya, amma shi ma ƙishirwa ce ke fara karya shi. Wannan kuwa sa'a ce ga mutanen yankin nan, domin lokacin cin rani shi ne lokacin da iska ta fi bushewa. Daga hunturu zuwa bazara babu ɗigon ruwan sama, ƙasa ta bushe, bango ya bushe. Gidan da aka bari a bushe, iskar hunturu da zafin Afrilu za su yi wa mai shi aiki kyauta. Gidan da aka bar wa randa da sauran ruwa a gindinta kuwa, an bar wa kyankyaso rijiya.

Saboda haka, kwana biyu kafin tafiya a juye randa da tulu da buta da jarka, a wanke, a shanya a rana, a kife su. Idan da famfo a gidan, a kashe shi tun daga inda bututu ya shigo, domin ɗigo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya isa ya shayar da ɗaruruwa. Tankin ruwa a rufe bakinsa ruf. Mai firji ya kashe shi, ya kwashe komai, ya goge, ya zubar da ruwan da ke taruwa a ɗan farantin da ke bayansa kusa da inji, sannan ya bar ƙofar a buɗe kaɗan don kada ciki ya yi gumi.

Sai batun bayan gida, wanda shi ne babbar ƙofar babban kyankyaso. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin alfahari ne, kuma ma'anarsa gidajen da ke da masai sun ƙaru ƙwarai a birni da ƙauye. Sai dai ramin masai wuri ne mai duhu da ɗumi da laima duk shekara, wato duk abin da kyankyaso ke nema. Kafin a tafi, a zuba toka mai yawa a ramin, a samo marfin da ya zauna daidai a bakinsa, a shimfiɗa leda mai kauri ko tsohon buhu a ƙarƙashin marfin, a ɗora dutse ko bulo. Idan daɓen bakin masan ya tsage, a liƙe da siminti ko laka. Idan akwai bututun fitar da wari, a ɗaura masa ragar ƙarfe a sama. Akwai kuma mazaunin roba irin na SATO da ake ɗorawa a kan masai, mai ɗan marfi a ƙasa wanda ke rufe kansa bayan an kora ruwa, yana rage wari yana kuma tare ƙuda da kyankyaso.

Masu banɗakin zamani su ma ba su tsira ba, hasali ma nasu ya fi ɓoyuwa. A ƙarƙashin kowane mazaunin banɗaki da wurin wanke hannu akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa. Wannan ruwan shi ne katangar da ke tsakanin ɗaki da sokawe. Muddin ana amfani da banɗakin, ruwan yana sabuntuwa. Idan aka daina, bushewar iska takan shanye shi cikin makonni, sai hanya ta buɗe tun daga sokawe har tsakar ɗaki. Wannan ne dalilin da ya sa mai sabon gida da tayil da silin kan dawo ya tarar da manyan kyankyasai a bahon wanka, yana mamakin ta ina suka shigo. Maganin abin mai sauƙi ne. A kora ruwa, a zuba man girki cokali biyu ko uku a kan ruwan don ya rage saurin bushewa, a rufe bakin mazaunin da leda a ɗaure, a sauke marfi. Ramukan fitar ruwa na ƙasa da na wurin wanke hannu a toshe su da tsumma a cikin leda, a ɗora abu mai nauyi.

Na biyu, abinci. Ga kyankyaso, abinci ya wuce tuwo da miya. Yana cin sabulu, da takarda, da gam ɗin littafi, da ƙaro, da fata, da gashi, da sitacin tufafi, da maiƙon da ya daskare a jikin murhu ko risho. Ɗan garin da ya maƙale a gindin turmi, da ƙanzon tukunya, da gutsuren ƙuli-ƙulin da yaro ya jefa bayan gado, kowanne guzuri ne na makonni. Don haka shara ta ranar tafiya ba irin ta kullum ba ce. Sai an ja gado da kabad da kujeru an share bayansu, an kankare maiƙon madafi da toka ko omo, an wanke turmi da taɓarya da rariya an shanya. Duk ƙunshin ƙwan da aka gani a kankare shi a murƙushe ko a jefa a wuta, domin idan aka share shi zuwa tsakar gida, can ma fashewa zai yi.

Daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da gari da sukari, ko dai a bayar, ko a zuba a bokitin roba mai marfi ko kwalba mai murfin murɗawa. Hatsin da za a bari a ɗaka, mafi alheri a sa shi a buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu na Afirka suka fara yaɗawa a 2007 domin ajiyar wake, kuma ana yin sa a Kano. Idan an ɗaure kowace leda da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu, ƙamshin hatsin ma ba ya fita balle ya kira na waje. A ɗora buhunan a kan katako, a ja su nesa da bango.

Kwali kuwa, a raba shi da gidan gaba ɗaya. Ramukan da ke tsakanin ɓawonsa mafaka ce, gam ɗinsa abinci ne, kuma ta cikinsa ne ƙaramin kyankyaso ya fi shigowa daga kanti da kasuwa. Takardun gona da na makaranta da littattafan addini a sa su a leda mai kauri, a saka a akwatin ƙarfe. Tufafi a wanke su su bushe sarai kafin a ninke, kuma a haƙura da sitaci sai an dawo. Katifa da darduma da tabarma a baza su a rana tun hantsi har la'asar, a kakkaɓe, domin kyankyaso ba ya jure zafin rana kai tsaye. Rediyo da talabijin da akwatin tauraron ɗan'adam, waɗanda ƙaramin ke son ɓuya a cikinsu, a naɗe su a leda a ɗaure.

Na uku, ƙofar shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa kyankyaso tsagar da yake buƙata ba ta kai ta ƙadangare ba. A 2016, masu bincike a jami'ar Kalifoniya sun nuna cewa babban kyankyaso na iya matse jikinsa ya bi ta tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba. Mai ginin ƙasa ya bi bango da yaɓe, musamman gindin bango da wurin da azara ta shiga gini. Mai ginin bulo ya duba inda bututu da wayar lantarki suka huda bango, ya cike da siminti. Ragar taga da ta yage a ɗinke ko a sauya. Ƙarƙashin ƙofa, inda haske ke shigowa, a buga masa yankin tayar mota ko a tare da doguwar jakar yashi. Tarin itace da kara da juji da ke jingine da bangon ɗaki a matsar da su, domin daga nan ake yin sansani kafin a shiga.

Yanzu sai maganar magani, kuma a nan shirin ke roƙon masu sauraro su ƙara kasa kunne. Akwai masu zuba fiya-fiya ko Sniper a kwano su ajiye a tsakar ɗaki, akwai masu jefa ƙwayar nan ta ajiyar hatsi da ake kira bom su kulle ƙofa, da tunanin ai babu kowa a ciki. Wannan ganganci ne da ya sha cin rayuka. Sinadarin da ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya na gona ne, ba na ɗaki ba. Saboda yawan ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai, ta kuma hana ƙananan kwalabensa. Yana kama katifa da tufafi da hatsi, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata.

Ƙwayar bom ta fi haɗari. Da ta haɗu da laima sai ta saki iskar guba, iskar kuma ba ta san iyakar ɗaki ba. A gidajen yankin nan, inda ɗakuna ke haɗa bango da silin, guba na iya tsallakawa daga ɗakin da aka kulle zuwa ɗakin da tsohuwa da jikoki ke barci. A watan Janairun 2017, a garin Amarillo na jihar Texas a Amurka, yara huɗu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a ƙarƙashin gidansu, daga baya aka watsa mata ruwa. Ba a sa ta a gidan da mutane ke kwana ko a ɗakin da ke manne da shi, ko da na dare ɗaya ne.

Kafur da mata ke jefawa a akwati shi ma yana da nasa sharaɗin. Yana korar ƙwari a cikin akwati rufaffe, amma likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi cewa yana fasa jinin jariran da aka haifa da wani rauni na gado a jini, wanda ya yawaita musamman ga 'ya'ya maza, har ya jawo musu shawara mai tsanani. Kayan jariri da na mai jego kada a haɗa su da kafur. Busasshen ganyen darbejiya, wanda iyaye suka saba shimfiɗawa a ƙasan akwati, ya fi aminci, ko da yake shi kaɗai ba ya isa idan ƙwarin sun riga sun yi yawa.

Abin da ya dace da gidan da babu kowa shi ne maganin da kyankyaso zai ci da kansa. A gidan da aka share tas, babu wani abincin da zai ɗauke masa hankali, dole ya nufi tarkon. Hodar borik, wadda ake samu a wasu shagunan magani, tana aiki matuƙar ba ta jiƙe ba, har tsawon watanni, don haka tana jiran 'ya'yan da za su fito daga ƙwai. A gauraya ta da ɗan gari da sukari, a zuba kaɗan-kaɗan a murafun kwalba, a tura bayan kabad da ƙarƙashin gado da gefen madafi da kusa da ƙofar banɗaki. Ana kuma iya barbaɗa ta sama-sama a lunguna, ba tari ba, domin idan ta yi tudu kewaye ta yake yi. Akwai kuma magungunan ci na kyankyaso da ake sayarwa a bututu ko ƙunshi. A nemi mai lambar NAFDAC, a bi umarnin da ke jikinsa. Kada a fesa maganin feshi kusa da su, warin zai hana ƙwarin zuwa. A ƙirga wuraren da aka ajiye, domin a kwashe su duka kafin yara da kaji su shigo. Mafi kyau ma a fara wannan aiki mako biyu ko uku kafin tafiya, ba a daren da za a yi sammako ba.

Duk da haka, babu dabarar da ta kai idon mutum. A ƙasar Roni da wuya a rasa ɗan'uwa ko maƙwabcin da za a bar wa amana. Abin da ake so shi ne a faɗa masa aikin dalla-dalla. Maimakon a ce masa kawai ya riƙa leƙawa, sai a ce: "Kawu, ga makullin nan. Don Allah duk bayan mako biyu a buɗe ɗakunan su sha iska, a kora ruwa a banɗaki a mayar da ledar, a duba marfin masai. Akwai magani a bayan kabad da ƙarƙashin gado, kada a bar yara su shiga. In an yi ruwan farko ban dawo ba, a duba mini rufin." Shi kuma ya ce: "Ba komai, ɗana, Allah ya kai ka lafiya, ya ba da abin da aka je nema." Duban rufin nan yana da muhimmanci, domin yoyo ɗaya a farkon damina ya isa ya mayar da busasshen ɗaki matattarar ƙwari, kuma daga Yuni zuwa Satumba ne kyankyaso ya fi yaɗuwa. Wanda tafiyarsa za ta ratsa damina, shi ya fi kowa buƙatar mai dubawa. Ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma su ma suna ba da shawara kan gyaran masai da sokawe ga wanda ya neme su.

Ranar dawowa kuma, kada a shiga da iyali kai tsaye. Babba ɗaya ya fara shiga, ya buɗe ƙofofi da tagogi, a bar iska ta ratsa na wasu sa'o'i. A kwashe murafun magani a binne ko a jefa a masai. A ɗaura ƙyalle a hanci, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, mai asma kuma ya tsaya a waje har a gama. Kwanuka da tukwane da cokula a wanke su da ruwan zafi da sabulu ko da sun yi kama da masu tsabta. Kayan da aka dawo da su daga birni, musamman kwalaye da jakunkuna da kayan lantarki na hannu, a zazzage su a tsakar gida cikin rana kafin a shigar da su ɗaka, domin ɗakunan haya na Kano da Legas su ma suna da nasu kyankyasan.

Idan kuwa aka yi rashin sa'a wani ya shaƙi maganin ƙwari ko ya sha, aka ga yana dalalar da yawu, yana gumi, yana amai ko numfashinsa na sarƙewa, a fitar da shi sarari nan take, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar ko ƙunshin maganin domin ma'aikatan lafiya su san abin da za su ba shi.

Masu sauraro, a nan shirin namu na yau ya kawo ƙarshe. Masu shirin tafiya cin rani daga Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo a tarar da iyali lafiya.